Asabar Ukun Dokta Mannir

Duk ɗalibin da ya taɓa ɗaukar kwas ɗin share fagen ilimin sararin samaniya a hannun Dokta Mannir Isma'il ya san takardar nan mai shafi ɗaya. Ran laccar farko yake raba ta, ya karanta ta da bakinsa layi-layi, sannan kowa ya sa hannu a ƙasa ya mayar masa. Maki sittin na jarrabawa ne, ashirin na gwajin tsakiyar zango, biyar na halarta. Sauran sha biyar ɗin na littafin duban wata ne, inda kowane ɗalibi zai riƙa fita yana zana siffar wata da inda ya gan shi har tsawon wata biyu. Can ƙasa kuma akwai jimlar da ya ja wa layi biyu: lacca sha huɗu ce a zango, wanda bai halarci sha ɗaya ba, ba zai shiga ɗakin jarrabawa ba.

Dokar ta jami'a ce, ba shi ya ƙirƙiro ta ba, sai dai malamai da yawa sukan kau da kai. Shi kam ba ya kau da kai. Ɗan Ƙofar Marusa ne, gidan malamai, ya tashi a hannun uban da ba ya son a faɗi magana biyu. Shekara uku da suka wuce ɗan yayarsa ya tsaya a lacca goma, ya hana shi jarrabawa, yayar ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayarsa. Labarin ya zaga sashen Fiziks kaf, kuma in za a faɗi gaskiya Mannir yana jin daɗi duk lokacin da aka ba da shi a gabansa.

A zangon da abin nan ya faru, akwai wata jami'a mai zaman kanta a Kano da yake zuwa koyarwa ran Alhamis. Ya sha cewa zai nemi takardar izini, bai nema ba. Ana tsakiyar zango sai suka juya jadawalinsu na mako uku, darasinsa ya koma Talata da safe, daidai lokacin laccarsa ta Katsina. Talata uku a jere ya kama hanyar Kano bayan sallar asuba. Sai ya wuce Bichi yake tunawa ya tura saƙo guruf ɗin aji cewa wani uzuri ya taso. Don kada ɗalibai su cutu, ya rama laccocin a Asabar uku da safe. Ya kuma zagaya da rajista a kowace, kamar yadda ya saba. A ransa ya biya bashin karatun da ke kansa, har ma ya ga ƙoƙarin kansa.

Saura mako guda jarrabawa ya liƙa sunayen mutum bakwai da ba za su shiga ba a allon sanarwa.

Washegari da hantsi yana ofis, Farfesa Dabo shugaban sashe yana zaune a kujerar baƙi suna duba jadawalin masu sa ido a jarrabawa, aka yi sallama. Wata ɗaliba ce da dogon hijabi ruwan toka, ta ɗan girmi yawancin 'yan ajin. Ya san fuskar. A layi na biyu take zama, gefen taga, kuma takan yi tambaya.

Ta rusuna ta gaida Farfesa, ta juyo ta gaishe shi, ta tambayi gida da aiki da gajiya.

"Malam, sunana Suwaiba Lawwali. Na ga sunana bisa allo."

Ya buɗe kwamfuta ya gangara. "Goma gare ki. Sha ɗaya ake nema."

"Haka ne, Malam. Guda ɗaya na rasa ranar da aka yi mana rasuwa. Sauran ukun kau ranakun Asa…"

"Dakata."

Ya ji rabin kalmar, ya kuma ga Farfesa Dabo ya ɗago kai daga kan takarda. Bai tsaya ya yi tunani ba, bakinsa ya riga shi.

"Kin sa hannu a takardata ko ba ki sa ba?"

"Na sa, Malam."

"Akwai inda aka rubuta a kawo mani dalili? Mutum tamanin da shida ne a ajin nan. Kowa yana da rasuwa, kowa yana da biki, kowa yana da ciwon kai. In na saurari naki, da wane ido zan kalli sauran shidan? Ki je. Baɗi ma shekara ce."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana. Ta kalli Farfesa, ta kalle shi, sannan ta ce, "Allah ya huci zuciyar Malam." Ta ja ƙofar a hankali.

Farfesa ya yi 'yar dariya. "Dokta ke nan. Ba sani ba sabo."

Mannir ya taya shi dariyar. Suka koma kan jadawali.

Ran jarrabawa Suwaiba ta zo. Ta taga ya hango ta tsaye ƙarƙashin darbejiya da jakarta a kafaɗa, tana kallon 'yan ajinsu suna nuna kati suna shiga. Ba ta matso ba. Da aka raba takardu ya sake leƙawa, tana nan. Ya koma can ƙarshen ɗaki ya tsaya a inda ba taga. Da aka tashi bai gan ta ba.

Kwana ashirin bayan nan, wata Lahadi bayan la'asar, yana zaune a barandar gidansa a Kambarawa yana makin littattafan duban wata. Na mutum bakwai ɗin nan ya ware su daban tun a ofis, tunda makinsu ba shi da amfani, amma mai ɗakinsa Rahmatu ta share falo ta haɗe su wuri guda. Aiki ne mai gundura. Rabin ɗaliban daga intanet suka kwafo hotunan, wasu har sun zana cikakken wata a daren da ba wata. Yana ja yana ba da shida, bakwai, biyar.

Sai ya buɗe wani littafi mai koren bango, ya gyara zama.

Mai littafin ta raba kowane shafi gida huɗu da rula: kwanan wata na Boko da na Musulunci, lokaci, zane, sai ƙarin bayani. Zanen da fensir ne, an yi inuwa da yatsa. Ta sa kan bishiyar dabino da tankin ruwan maƙwabta a ƙasan kowane zane, don a ga yadda watan ke matsawa gabas daga rana zuwa rana. Ranar da hadari ya rufe sama ta rubuta ba ta ga komai ba, ta bar gidan zanen fari. A shekara tara da ya yi yana ba da aikin nan bai taɓa samun irinsa ba. Ya fara karanta ƙarin bayanin.

"Talata, 3 ga wata. Bayan magariba, yamma. Jinjirin a kwance yake kamar ƙwarya, amma a hoton littafinmu a tsaye yake. Na so in tambayi Malam dalili yau, bai samu zuwa ba. Mun jira har sha ɗaya."

Ya buɗe gaba.

"Asabar, 7 ga wata. Ina wurin aiki. Na leƙa ta bayan ɗakin hoto bayan magariba, rabi ne daidai, yana tsakiyar sama."

"Talata, 10 ga wata. Yau ma Malam bai samu zuwa ba. Saƙo ya shigo muna cikin aji. Na wuce laburare na nemi amsar tambayata. Ina jin saboda muna kusa da tsakiyar duniya ne, amma ban tabbata ba."

"Talata, 17 ga wata. Yanzu sai da asuba nake dubawa, yana yamma. Mu goma sha tara muka zo aji. Allah ya sa lafiya."

Ya rufe littafin ya duba bango. Suwaiba Lawwali.

Ya daɗe zaune da biro a hannu. Ba wai bai sani ba ne. Tun ranar da ta tsaya a ofis ya sani, ya dai samu wurin da ya tura abin ya danne. Yanzu ga shi da fensir, da kwanan wata iri biyu. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne "Allah ya sa lafiya". Tana zaune a aji tana yi masa fatan lafiya, shi kuwa yana Kano lafiyarsa ƙalau, yana koya wa 'ya'yan wasu.

Rahmatu ta fito da tire, ta same shi haka.

"Baban Ashraf, lafiya? Shayin ma na ɗazu ba ka sha ba."

Ya miƙa mata littafin, ya nuna mata wuraren. Malamar sakandare ce, ba ta buƙatar dogon bayani, amma ya yi mata, har da zuwan yarinyar ofis da wanda ke zaune a lokacin. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta aje littafin bisa tire.

"Ita ta zo ranar da aka ce a zo, kai ba ka zo ba. Kai ka zo ranar da ba a ce a zo ba, ita ba ta zo ba. Sai aka kore ta."

"Na rama karatun, Rahmatu. Ban ci haƙƙin…"

"Ban ce ba ka rama ba." Ta zuba masa wani shayin. "Su nawa ne?"

"Su wa?"

"Bakwai ka liƙa. Ita kaɗai ce Asabar ta kayar?"

Wannan bai zo masa a rai ba. Ya ɗauko kwamfuta ya cire Asabar ɗin uku daga lissafi. Mutum huɗu ko da hakan ba su kai ba. Uku sun kai: Suwaiba, da wata Fiddausi Bashir, da wani Salihu Zakari wanda ko fuskarsa bai iya tunawa ba.

Kwana huɗu ya yi yana juya abin. Sakamako bai tafi gaban majalisar jami'a ba tukuna, saboda haka akwai sauran dama. Amma ba yadda za a yi a gyara ba tare da an tambayi dalilin lacca ran Asabar ba, daga nan kuma sai a tambayi inda yake ran Talata. Yakan tsaya sallah ya rasa raka'a nawa ya yi. Ya gaya wa kansa cewa maimaita kwas ɗaya ba mutuwa ba ce. Ya gaya wa kansa cewa mutum saba'in da wani abu sun iya zuwa ran Asabar, ita mi ya hana ta. Rahmatu ba ta sake tayar da maganar ba. Littafin mai koren bango dai ta ɗora shi bisa talabijin, ba ta mayar cikin sauran ba, shi ma bai taɓa shi ba.

Ran Alhamis ya rubuta wasiƙa. A ciki ya ce an samu kuskure wajen tattara lissafin halarta a kwamfuta, wanda ya shafi ɗalibai uku, yana roƙon a ba su damar jarrabawa ta musamman. Ya karanta sau biyu, ya ga ba laifi, ya kai ofishin shugaban sashe.

Farfesa Dabo ya sa tabarau ya karanta. Dattijo ne mai sanyin magana, shi ya koyar da Mannir a aji biyu.

"Wane irin kuskure, Dokta? In kwamfutar ce, sai mu duba na sauran kwasa-kwasan, kada mu ma ta yi mana."

Mannir ya kalli wasiƙar a hannun malaminsa. Ya ji kunya irin wadda rabonsa da ita tun yana yaro.

"Ranka ya daɗe, ba kwamfuta ba ce. Ni ne."

Ya faɗi komai. Kano, da Talata uku, da Asabar uku, da takardar izinin da bai nema ba. Farfesa ya cire tabarau ya aje.

"Yarinyar nan mai hijabi ruwan toka tana ciki?"

"Tana ciki."

"Na ji ta fara cewa Asabar. Na so in tambaya mi ya haɗa laccarka da Asabar. Da wani ne da na tambaya. Da yake kai ne sai na yi dariya."

Mannir ya sunkuyar da kai. Da faɗa Farfesa ya yi masa da ya fi sauƙi.

"Ka koma ka sake rubuta wannan, ka faɗi abin da ka faɗa mani. Zan kai gaban kwamitin tsangaya. Ban yi maka alkawarin za su yarda ba. Takardar tuhuma kau za ta zo maka, wannan ba makawa, kuma da hannuna zan sa mata hannu."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Yaran fa? An gaya masu?"

"Tukuna."

"To kada ka bari su gani bisa allo. A allo suka ga na farkon."

Fiddausi ta ɗaga waya a kira na farko, ta yi ta godiya har da kuka, abin da ya ƙara masa nauyi. Lambar Salihu a kashe take. Suwaiba kuwa ya kasa kira. Ya duba fayil ɗinta ya ga tana aiki a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a cikin gari. Ran Asabar da safe ya tafi can.

Wurin cike yake. Mata da yara a kan benci, wani tsoho da ƙafa a naɗe, wani matashi riƙe da hannunsa da ya kumbura. Aka nuna masa ƙofar ɗakin hoto, inda ake ɗaukar hoton ƙashi da ƙirji. Ya zauna a layi kamar kowa. Kusan minti arba'in yana kallonta tana fitowa tana kiran suna, da farar riga bisa hijabi, tana tallafar tsohon nan, tana lallashin wata yarinya da ke tsoron injin. Ita kaɗai ce. Da ta fito kira na biyar idonta ya sauka a kansa, ta tsaya cak.

"Malam? Lafiya? Wa aka kawo?"

"Ba kowa. Wurinki na zo. Ki ida da mutanenki, zan jira."

Sai da layin ya ragu ta fito, suka tsaya a baranda. Ta gaishe shi cikin ladabi, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Ya rasa ta inda zai fara, sai ya ce, "Kullum Asabar kina nan?"

"Asabar da Lahadi, safe zuwa dare. Da na samu gurbin karatu na roƙi mai asibitin ya bar mani ranakun mako, ni kuma in riƙe ƙarshen mako ni kaɗai. Abokin aikina Jibiya yake tafiya wurin iyalinsa. In na fita sai a rufe ɗakin."

"Abin da kika zo gaya mani ke nan."

"Shi ne, Malam."

"Na san shi ne. Tun kafin ki ida na gane. Na katse ki ne don kada shugaban sashe ya ji ban zo aiki ba Talata uku. Ba rashin lafiya ba ce ta hana ni zuwa. Wani aikin nake yi a Kano. Na zalunce ki, Suwaiba. Na zo in roƙe ki gafara."

Ta kalli ƙasa, ta kalli bencin marasa lafiya. Ya yi mata bayanin wasiƙa da kwamiti da yiwuwar jarrabawa ta musamman. Ta gyaɗa kai, amma bai ga murna irin wadda ya ji a muryar Fiddausi ba.

"Na gode, Malam. Allah ya yafe mana baki ɗaya. Jarrabawar ba ita ta fi damuna ba."

"Mi ne ne?"

"Baba. Ƙanen wata ƙawata ya ga sunana bisa allo, magana ta kai gida kafin in kai. Dama da ƙyar ya yarda in haɗa aiki da karatu. Na yi masa bayani, ya ce malamin jami'a ba zai kori mutum haka kawai ba, sai dai in wani wurin nake zuwa da sunan makaranta. Yau kusan wata guda, in na gaishe shi da kai yake amsawa."

Duk lissafin da Mannir ya yi a kwana huɗun nan na maki ne da shekara. Wannan bai shiga ciki ba.

"Zan iya zuwa in gan shi?"

"In Malam zai iya, shi kaɗai zan roƙa."

Aka kira ta daga ciki. Ta kwatanta masa gidan a gurguje ta koma.

Ran Litinin bayan la'asar ya aje mota a bakin titi a Ƙofar 'Yandaka, ya shiga lungu da ƙafa. Malam Lawwali tsohon ma'aikacin gidan waya ne, siriri, mai furfura, yana zaune a zaure bisa buzu da rediyo a gefe. Da ya ji ko wane ne ya miƙe tsaye, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sa aka kawo tabarma sabuwa da ruwa. Aka gaisa, aka sake gaisawa. Ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, da ya ji ɗan Ƙofar Marusa ne ya tambayi gidan wa, ashe ya san mahaifinsa, ya yi masa addu'a mai tsawo. Duk wannan karramawa Mannir yana jin ta kamar ana ɗora masa kaya.

"Dokta, ai da aikowa ka yi in zo. Na san kan maganar yarinyar nan ne. Wallahi kunya ta hana ni zuwa ba ka haƙuri. Ban yi mata irin wannan tarbiyya ba."

"Baba, ba haƙuri za ka ba ni ba. Ni na zo bayarwa."

Ya faɗa masa, a karo na huɗu ke nan yana faɗar abin da bakinsa, kuma bai yi sauƙi ba. Ya ce a duk zangon sau ɗaya ɗiyarsa ta rasa laccar da ke cikin jadawali, ranar rasuwa. Ya ce ranakun da shi malamin bai zo ba ita ta zo ta zauna. Ya ce ta zo ta yi masa bayani ya hana ta magana don ya rufa wa kansa asiri. Ya fito da littafin mai koren bango ya buɗe masa.

Tsohon ya kashe rediyo. Ya karɓi littafin ya matsa bakin ƙofa inda haske yake, ya bi shafukan a hankali da yatsa.

"Wannan dabinon gidan Alhaji Sabuwa ne," ya ce. "Ga tankinsu." Ya buɗe wani shafin. "Nakan ji ta tana hawa bisa soro da asuba. Na zaci waya take zuwa yi."

Ya rufe littafin, amma bai mayar ba.

"Ta gaya mani. Kalma-kalma yadda ka faɗa, haka ta faɗa. Na ce mata ƙarya take." Ya ɗago. Fuskarsa ba fushi, amma karramawar ɗazu ta ragu. "Na ɗauki maganarka bisa tata, Dokta, alhali ko ganinka ban taɓa yi ba."

"Laifina ne, Baba. In ana iya kiranta, sai in maimaita a gabanta."

"A'a. Ka yi naka, Allah ya ba ka ladan zuwa. Sauran tsakanina da ɗiyata ne."

Tsohon ya raka shi har bakin lungu, kamar yadda ake yi wa baƙo, amma bai ƙara cewa komai ba sai "a gaida gida". Sai da ya shiga mota Mannir ya tuna bai sa wa littafin maki ba. Bai koma ba. Washegari ya rubuta sha biyar a gaban sunanta.

Kwamitin tsangaya ya zauna bayan mako biyu. An yi ta ja, wasu suka ce in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai shigo, daga ƙarshe aka yarda. Takardar tuhuma ta zo, ya amsa, aka ba shi gargaɗi a rubuce aka sa a fayil. Ya bar zuwa Kano. A sashe ba wanda ya ce masa komai, sai dai an daina ba da labarin ɗan yayarsa.

Salihu Zakari ba a same shi ba. Mannir ya kira lambar ya fi sau ashirin. Ya tambayi 'yan ajinsu, wani ya ce kwas uku ya faɗi a zangon, wannan ne na huɗu, ya ce ya gaji. Wani ya ce ya bi kawunsa Fatakwal. Adireshin da ke fayil ɗinsa sunan unguwa ne kawai, ba lambar gida. Mannir ya je unguwar sau biyu yana tambaya a bakin masallatai, ba wanda ya gane yaron da yake nufi, shi kuma ba ya iya kwatanta shi.

Aka yi jarrabawar wata Laraba a ƙaramin ɗakin taro na sashe. Kujera uku aka jera, biyu aka zauna. Mannir ya roƙi Farfesa ya ba wani malamin ya fitar da tambayoyi ya kuma yi maki, don kada hannunsa ya yi nauyi ko ya yi sauƙi. Da aka haɗa jimillar maki, Fiddausi ta samu hamsin da ɗaya cikin ɗari. Suwaiba, wadda ta yi kusan wata biyu ba ta buɗe littafin kwas ɗin ba, ta tashi da sittin da uku. A gwajin tsakiyar zango ita ce ta ɗaya a aji, sha tara cikin ashirin.

Da aka kawo masa takardar sakamako don ya sa hannu, ya daɗe yana kallon sittin da ukun. Sannan ya gangara layin ƙasa, inda aka rubuta "bai zauna ba" a gaban sunan Salihu. Ya ɗauki waya ya sake gwada lambar. Har yanzu a kashe take. Ya sa hannu, ya kai wa sakatariya.